Auta Mai Takalman Makaranta

Tun tana budurwa ta shiga kamfanin takalma, a nan kuwa ta bar ƙuruciyarta. Ita ce auta a ɗakinsu, sunan kuma ya bi ta har bakin aiki, ta yadda ko mai biyan albashi da shi ya san ta. Aikinta ɗinka saman takalmi. Wani daga can ya yanko fata a turo mata cikin kwando, ita ta haɗa, ta tura gaba inda ake manna sol, wato tafin takalmin. Ba ta taɓa yin takalmi guda tun daga farko har ƙarshe ba, amma da za a zube mata tuli guda a gabanta, sai ta tsince waɗanda suka bi ta kekenta.

A can ta haɗu da mijinta, direban motar da ke kwasar ma'aikata. Har gobe yana cewa ta madubi ya fara neman aurenta, ita kuma ta ce shi ya sa ya kusa jefa su a kwalbati. Sun haifi 'ya'ya, suna haya a ɗaki ciki da falo, ba su da yawa amma ba sa roƙon kowa.

Ana cikin haka gwamnati ta buɗe ƙofa, aka ce kowa ya shigo da abin da ya ga dama. Takalman waje suka cika kasuwa, masu sheƙi, ga arha kamar an tsinto su. Wani ma kuɗinsa bai kai na fatar da ake yanka wa Auta ba. Kamfani ya fara da rage kwanakin aiki, ya koma rage mutane, wata safiya kuma suka tarar da ƙaton kwaɗo a get. Mata suka tsaya cirko-cirko da kwanukan abincinsu a hannu, kowa na jiran wani ya ce wasa ake yi.

Da aka zo gwanjon kayan kamfanin, Auta ta kwashi ɗan abin sallamarta ta nufi wajen. Baba Makaniki, dattijon da ya tsufa yana gyaran injinan kamfanin, shi ya ja ta gefe.

"Kar ki bi ta fenti, 'yata," ya ce. "Ɗauki wancan mummunan keken ɗinkin na lungu. Ni na san cikinsa."

Ta ɗauki mummunan, ta kafa shi a wani ɗan shago bakin titinsu, ta shiga gyaran takalma. Abin dariyar, mafi yawan abin da ake kawo mata na waje ne, waɗanda suka raba ta da aikinta. Ta farke su ta ɗinke, ta ga yadda aka yi cikinsu, ta ga inda suka fi na kamfaninsu da inda suka gaza. A wannan shagon ta koyi yanka, ta koyi sa sol, har ta fara yin sandal na yara tana ratayewa a ƙofa. Wani lokaci sai ƙura ta rufe su kafin a taya.

Wanda buɗe ƙofar ta yi wa rana a gidansu shi ne yayanta. Yaya shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, mutum ne mai ƙiba da fara'a, in ya yi dariya har maƙwabta sai sun ji. Ya fara da saro kwali-kwali, ya kai ga kwantena. Duk sanda ya biyo ta shagonta sai ya toshe hanci.

"Auta, wannan warin gam ɗin zai tsufar da ke. Zo ki zauna min a shago, ga fanka ga kujera, ke dai karɓar kuɗi."

"Na gode, Yaya. Ni hannuna ya saba da yi, bai saba da miƙawa ba."

"Taurin kai dai, tun kina rarrafe."

Shekaru suka tura a haka. Sai aka yi sabuwar gwamnati, ita kuma ta zo da nata ra'ayin. Wata rana da hantsi Direba ya faka motarsa da fasinja a ciki, ya faɗo shagon yana haki.

"Kin ji rediyo? An hana shigo da takalma! Wai sai an ba na gida dama sun miƙe."

Auta ta ɗaga ƙafa daga keke, ta ce, "Koma ka kai mutane, suna zaginka."

Sai da ya fita ta mayar da ƙafa kan keke.

Kafin wani lokaci sandal ɗin da ke shan ƙura a ƙofa suka ƙare. 'Yan kasuwar da a da ko gaisuwarta ba sa amsawa suka fara zuwa da kansu, suna kiranta Hajiya alhali ko filin jirgi ba ta taɓa takawa ba. Ta kama wani tsohon gareji mai faɗi, ta bi gida-gida ta nemo ƙawayenta na kamfani. Ta sami wata tana wankau, wata tana tallan ruwa. Ranar da kekuna suka fara ƙara tare, babbar cikinsu ta kifa kai a kan tebur ta yi kuka.

Yaya kuwa abin ya zo masa a karkace. Kayansa suka maƙale a tashar jiragen ruwa, shago ya koma kanta babu komai, har motarsa ya sayar. Ya daina biyowa ta wajen Auta. A ɗakin mahaifiyarsu kawai suke haɗuwa, su gaisa sama-sama, tsohuwa tana kallon wannan tana kallon wancan.

Garejin ma ba zuma zalla ake sha ba. Dokar da ta hana takalma ta ɗora haraji mai nauyi a kan gam da sol da ƙarfen maɗauri, domin su ma daga waje suke zuwa. Masu sana'ar duk suka koma wani gam mai arha. Auta ta ja baya da farko, amma ga masu saye sun yi layi, wani har cewa yake, "Ko bai bushe ba ba ni haka nan." Ta bi sahu. Takalmin da ya kamata ya kwana a matse sai a sa shi a kwali da ɗuminsa. Babu mai dawowa da ƙorafi, don in ya dawo ina zai je?

Damina ce ta tona asiri. 'Yarta ta biyu ta dawo daga makaranta ƙafa ɗaya da takalmi, ɗayan a hannu, sol ɗin ya wangale kamar bakin kada.

"Umma, 'yan ajinmu cewa suke takalminki yunwa yake ji."

Auta ta karɓa ta shafa gam ta matse, ta ce ai kuskure ne, guda ɗaya ne. Bayan 'yan kwanaki tana shara ta zaro wani kwali a ƙarƙashin gado. Takalmi ne na waje, sabo fil, daidai ƙafar yarinyar. Ta ajiye shi a tsakiyar falo ta zauna tana jiran mai gidan.

"Wannan fa?"

Direba ya sosa ƙeya. "A tasha na gani. Masu fasa-ƙwauri ne ke kawowa."

"A gidana? A gidan mai takalma?"

"To ya kike so in yi? Kullum yarinya sai ta dawo da kuka. Ni ma nawa da kika yi min, ki tambayi totur ɗin motata, ya san yatsana." Ya sassauta murya. "Auta, ba cin fuska ba ne. A tasha ma abin da ake faɗa ke nan, ina ji ina yin kamar ban ji ba."

Ta mayar da takalmin cikin kwalinsa. Washegari ta sa takalman biyu a jaka, nata da na wajen, ta nufi kasuwa wurin Yaya. Ta tarar da shi zaune a bakin shago yana fifita da kwali. Ta zube su a gabansa.

"Kai ka san kaya. Faɗa min gaskiya."

Yaya ya ɗauki nata, ya sa babban yatsa a gefen sol ya ɗan danna, sai ga shi ya rabu salin-alin. Ya ɗauki ɗayan ya lanƙwasa, ya murɗa, bai ko motsa ba.

"Gaskiyar ke nan," ya ce. "An karya ni don ku tashi, sai ga abin da kuke sayar wa mutane, kuma da tsada. Mai yara da yawa, wanda a da yake saya musu gaba ɗaya, yanzu sai ya zaɓi wanda zai tafi makaranta da silifa. Shi wa ya kare shi?"

"Mu da muka zauna ba aiki, Yaya, mu ba mutane ba ne? In kowa ya koma saro na wani, da me za a sayi arhar?"

"Ban ce ku ba mutane ba ne. Amma ƙofar nan da kike gani a rufe, hannu ne ya rufe ta, hannu kuma zai buɗe. Ranar da aka buɗe, wa zai kalli wannan?"

Maganar ta yi mata zafi, har ta tashi ba sallama. Amma a mota tana juya ta, ta rasa ta inda za ta ƙaryata shi.

Daga nan gidan Baba Makaniki ta wuce. Tsohon ya juya takalmin a hannu, ya ce gam kaɗai ba ya riƙe takalmin ɗan makaranta, mai ƙwallo da dutse da tsallen kwata. Sai an manna kuma an ɗinke sol ɗin da saman. Akwai injin da ke yin haka, amma sabo daga waje yake zuwa, harajinsa kuwa ya kusa kamo kuɗinsa.

"Na kamfani fa?" Auta ta tambaya.

"Wannan ai ya mutu. Yana can bayan sito, ciyawa ta fito ta cikinsa."

"Kai ka ce ya mutu, ko mutane ne suka ce?"

Baba ya ce ta miƙo masa hularsa su je su gani.

A matsayin tsohon ƙarfe suka sayo shi, majiya ƙarfi suka ɗora a motar ɗaukar kaya suna tambaya ko tukwane za a narka. Watanni Baba ya yi yana fama. Ya jiƙa wannan a kananzir, ya kai wancan wurin mai walda, wani ƙaramin haƙori da ya karye sai da aka sassaƙa sabo sau da yawa kafin ya zauna. Auta ba ta jira injin ba. Ta tara matan ta ce daga yau an bar gam mai arha, kuma ba takalmin da zai fita sai ya kwana a matse an bi shi da basilla da hannu.

"Anti, hannu fa kika ce," in ji wata. "Kafin mu yi ɗaya maƙwabta sun yi buhu."

"Su yi. Mu ɗayan za mu yi."

Abin ya ci musu. Kaya suka ragu, riba ta tsuke, 'yan kasuwa suka koma inda ake cika musu kwali nan take, sunan Hajiya ma ya ɓace. Biyu daga cikin matan suka bi su, ba ta kuma riƙe su a rai ba, don ta san bakunan da ke jiransu a gida. Wani watan kuɗin Direba ne ya biya hayar garejin. Yatsunta suka yi kanta, har zobe ya daina shiga.

Ranar da injin ya tashi, ƙararsa sai da ta firgita awakin layin. Baba ya tsaya yana share hannu da tsumma, bakinsa har kunne. Auta ta ɗinka na farko ta jefa a bahon ruwa ta bar shi ya kwana. Da safe ta murɗa shi, ta sa aka ja shi ta gaba da baya, yana nan. Duk da haka ba ta yarda ba. Ta yi na manya ta raba wa 'yan dakon kasuwa kyauta, da sharaɗin su dawo mata da su in sun lalace. Wanda ya dawo, ta farke ta duba inda ya fara ci. Ta haka ta gane zarenta ne ba ya son ruwa ta canza, ta gane maɗaurin baya na cizon dunduniya ta sassauta shi.

A tsakanin nan ne ƙungiyar masu takalma ta shirya zuwa ma'aikatar ciniki, domin an fara raɗe-raɗin za a ɗage dokar. Aka zaunar da su a wani dogon ɗaki mai sanyi, gaban wani jami'i mai furfura da ke sauraro da haƙuri. Shugaban ƙungiya ya yi dogon jawabi, ƙarshensa dai a bar ƙofa a rufe har illa masha Allah. Aka tafa. Jami'in ya tambaya ko akwai mai ƙari, Auta ta ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, ni ma ina son a ƙara mana lokaci, don ba mu gama miƙewa ba. Amma a faɗa mana iyakarsa, kowa ya san ranar da za a yaye shi. Sannan a sauke mana harajin inji da gam da zare. An tsare mana kasuwa, an kuma tsare mana kayan aiki."

Ɗakin ya ɗauki guna-guni. Wani daga baya ya ce, "Ai ƙanwar mai kwantena ce." Jami'in ya ce ya ji, zai kai gaba, amma shi ma akwai na sama da shi, akwai kuma yarjejeniyar da ƙasa ta sa wa hannu da maƙwabta. A motar komawa ba wanda ya zauna kusa da ita.

An daɗe shiru. Da amsa ta zo, rabi ce. Aka rage harajin inji, na gam aka bar shi yadda yake. Aka ɗage hanin, aka maye gurbinsa da harajin da zai riƙa sauka a hankali. Takalman waje suka dawo, ba da arhar da ba, amma sun dawo. Wuraren da ke cika kwali nan take suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, har da na mutanen kirki da suka yi ƙoƙari jari ya gaza musu. Auta ta je ta yi wa wasu jaje, ta ɗauki ma'aikatan da za ta iya ɗauka, sauran ta ba su haƙuri.

Ita ma ta ji jiki. Takalman mata na kwalliya da ta fara yi suka kwanta, domin a nan ba ta iya ja da na waje ba, ta kuma haƙura da su. Na makaranta ne suka riƙe ta. Iyaye sun riga sun gano akwai wani baƙin takalmi marar ado wanda wa ke sawa ya bar wa ƙane. Sai uwa ta shiga kasuwa ta kifa takalmi tana neman ɗinkin ƙasa, in ba ta gani ba ta ajiye.

Wata rana da yamma Yaya ya shigo garejin. Ya rame, amma muryar tana nan. Ya ɗauki ɗaya daga kan tebur ya danna, ya murɗa, ya sa ƙarfi har jijiyar wuyansa ta tashi. Matan suka tsayar da kekuna suna kallo.

"To," ya ce, "fenti dai har yanzu ba ki iya ba. Kuma kwalinki kamar na maganin sauro."

"Shi ya kawo ka?"

"Na waje zan ci gaba da kawowa, kar ki ce ban faɗa miki ba. Amma kantar gaba ta 'yan makaranta ce, ina son in cika ta da wannan. Kwalin kuma ki bar min, ni na san abin da ke jan ido."

"Yaya, ba ragi fa."

"Ji min yarinya! Ni da na goya ki?"

Suka yi ta ciniki kamar baƙi, matan na dariya. Shi ne daga baya ya fara tsallaka iyaka da kayanta, ya dawo yana faɗa wai can ma sun lafta masa haraji don su kare nasu masu takalman. Auta ta yi dariya har da hawaye.

Yanzu gashinta ya fara fari, sai da tabarau take zura zare. Baba Makaniki ya rasu, ɗaya daga cikin matan da ya koya wa ita ke kula da injin. Garejin ya haɗe da na kusa da shi. Abin da ke cin ran Auta shi ne sol, don har yau daga waje ake kawo shi, duk sanda kuɗin ƙasa ya faɗi sai ta ji a jikinta. Akwai wani mai narka roba a bayan kasuwa, mai yin bokitai da tabarmin mota, ta matsa masa lamba sai ya gwada. Ya ce ba layinsa ba ne, ta koma. Ya ce ba shi da ma'auni, ta kai masa. Har ya kai in ya hango ta sai ya shige bayan inji.

Kwanan baya ya kawo na farko cikin buhu, yana ta murmushi. Auta ta zazzage su a kan tebur ta jera. Wasu sun karkace, wasu sun yi tauri kamar katako, na hagu ya fi na dama tsawo.

"Hajiya, na gaya miki ba za mu iya ba," ya ce, murmushin ya gushe.

Ta ci gaba da tonawa har ta zaro guda ɗaya daga ƙasan tulin. Ta lanƙwasa shi ya dawo daidai, ta kai hanci ta shinshina, ta miƙa masa.

"Wannan wa ya yi?"

"Mu ne mana."

"To koma ka tuno yadda kuka yi shi. Sauran ka narke. Zan biyo ta wajenka in an tashi aiki."